Masu Neman Kakanni a Cikin Takardun Haraji

A ƙasar Funtua da Malumfashi, idan ka tambayi magidanci asalinsa, nan take zai faɗa maka sunan mahaifinsa da na kakansa. Wani ya ƙara da uban kakan. Daga nan sai magana ta koma "an ce": an ce daga ƙasar Kano muka taso, an ce yunwa ce ta koro su, an ce kakanmu maƙeri ne. Gidajen sarauta da na manyan malamai suna da salsalarsu a rubuce, wasu kuma maroƙa ne ke riƙe musu ita a ka. Talaka manomi ba shi da maroƙi, ba a yi masa takardar haihuwa ba, ba a kuma rubuta sunansa a kan kabarinsa ba. Mutum ɗaya ne bai taɓa mantawa da shi ba ko da shekara guda, shi ne mai karɓar haraji. Tun farkon mulkin Turawa har zuwa 1979, lokacin da Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a tsohuwar Jihar Kaduna, duk namiji baligi mai lafiya a wannan yanki sai an ƙidaya shi, an yanka masa abin da zai biya.

Akwai mutane ƙalilan da suka iya mayar da waɗannan takardu tarihin gida. Wasunsu ɗaliban tarihi ne da suka fito daga Jami'ar Ahmadu Bello, wasu ma'aikatan gidan ajiye takardu ne da suka tsufa cikin ƙurar fayil, wasu kuma tsofaffin malaman hakimi ne waɗanda da hannunsu suka rubuta irin waɗannan takardu a ƙuruciyarsu. Ina ganin girman aikinsu ƙwarai, domin abin da suke yi ya wuce karatu. Suna ɗaukar takardar da aka rubuta don tara kuɗi kawai, wadda marubucinta bai damu da wane ne ya haifi wane ba, su yi ta juya ta da haƙuri har ta faɗi abin da ba a rubuta ta don ta faɗa ba.

Haraji dai ba Bature ne ya kawo shi ba. Kafin zuwansa akwai kuɗin ƙasa, da kuɗin rafi a kan masu noman fadama, da kuɗin karofi a kan marina, da jangali a kan shanu, ga zakka, ga kuma jizya da ake karɓa a wurin Maguzawa. Heinrich Barth, wanda ya ratsa Katsina da Kano a 1851, ya rubuta cewa a ƙasar Kano kowane mai gida yana biyan wuri 2,500, a ƙasar Zazzau kuwa a kan fartanya ake yankawa, wuri 500 kowace ɗaya. Abin da Turawa suka sauya bayan sun shiga Katsina a 1903 shi ne, sun dunƙule yawancin waɗannan kuɗaɗe suka zama haraji guda, suka kawar da jakadu, suka ce kuɗi su bi ta hannun mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi, daga hakimi zuwa baitulmali. A Katsina ne ma aka fara gwada baitulmalin En'e, zamanin Sarki Muhammadu Dikko da Baturen mulki H. R. Palmer, kafin a yaɗa tsarin zuwa sauran masarautu. Wurin da kuɗi ke bi hannu-hannu haka, dole kowane hannu ya bar shaida a rubuce. Wannan shaidar ita ce gonar masu aikin da nake magana a kai.

Takardun hawa uku ne, kuma gwani yakan fara da rarrabe su. Na sama shi ne rahoton yanka haraji, wanda Di'o ko mataimakinsa ke rubutawa da Turanci bayan ya yi rangadin gunduma ƙauye-ƙauye. Na tsakiya shi ne jerin sunayen masu biya, unguwa-unguwa, wanda malamin haraji ke rubutawa, da farko da ajami ko Larabci, daga baya da boko. Na ƙasa shi ne ɗan guntun rasiɗin da ake miƙa wa mutum in ya biya. Na farko ya fi tsira, domin an tura shi hedkwatar lardi, daga can ya isa Gidan Ajiye Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna. Na biyu ya fi amfani ga mai neman kakansa, amma shi ya fi salwanta, tunda a ofisoshin hakimai da na En'e aka bar shi, kuma da aka yi garambawul ɗin ƙananan hukumomi a 1976 takardu da yawa sun warwatsu, gara da ɗigar ruwa suka ƙarasa wasu. Na uku yana gidajen mutane, a ƙasan adaka ko cikin gafaka.

Wanda bai saba ba, in ya je Kaduna ya ce a ba shi takardun Malumfashi, yana iya wuni bai sami abin kirki ba. Gwani ya san cewa Turawa da sarautar hakimi suke kiran gunduma. Malumfashi tana ƙarƙashin sunan Galadima, Funtua tana ƙarƙashin Maska, Bakori tana ƙarƙashin Makama, Faskari tana ƙarƙashin Kogo, Ƙanƙara kuma Pauwa. Ya kuma san cewa Katsina ba kullum take lardi mai zaman kanta ba: tana cikin Lardin Kano har zuwa 1926, aka mayar da ita Lardin Zariya, sai a 1934 ta zama lardi. Saboda haka takardar da ta shafi ƙauye guda tana iya kasancewa cikin tarin da ake yi wa lamba KANOPROF, ko ZARPROF, ko KATPROF, ko kuma cikin na Sakataren Lardunan Arewa, SNP, gwargwadon shekarar da aka rubuta ta. Ga kuma yadda Bature ke rubuta sunan gari yadda kunnensa ya ji, har Katsina kanta sai ka gan ta a matsayin Katsena. Mai wannan sana'a yakan furta sunan da ƙarfi, ya saurari bakinsa, sannan ya gane ƙauyen da ake nufi.

Rahoton Di'o ba kasafai yake kawo sunan talaka ba. Abin da yake kawowa shi ne yawan maza da mata da yara a kowane ƙauye, da ƙabilunsu, da yawan shanu da jakuna da awaki, da masu sana'a: masaƙa nawa, marina nawa, maƙera nawa, mahauta nawa. Sau da yawa yakan haɗa da taƙaitaccen tarihin garin da jerin dagatan da suka riƙe shi, kamar yadda dattawan lokacin suka faɗa masa. Mai gaggawa zai ce wannan ba ruwansa da gidansu. Gwani kuwa a nan yake kafa ƙafa. A ce zuri'a ta riƙe cewa kakanta ya zo wani ƙauye zamanin dagaci wane, kuma shi ne ya fara kafa maƙera a wurin. In rahoton farko bai nuna maƙeri ko ɗaya a ƙauyen ba, na bayan shekara goma sha wani abu kuma ya nuna biyu, jerin dagatai kuma ya sa wancan dagacin a tsakanin shekarun nan, to "an ce" ta sami gindin zama. Ba a ga sunan mutumin ba, amma an tsare zuwansa tsakanin shekaru biyu sanannu.

Wannan hanya tana da amfani na musamman a kudancin Katsina, domin ƙasa ce ta baƙi. Dajinta mai faɗi da ƙasarta mai ƙarfi sun daɗe suna janyo mutane daga arewacin Katsina da Kano da Zamfara, har da waɗanda suka tsallako daga yankin da Faransa ke mulka suna gudun aikin tilas. Da layin dogo ya taso daga Zariya ya ratsa Funtua a ƙarshen shekarun 1920, ya isa Ƙauran Namoda a 1929, kamfanin BCGA kuma ya kafa injinan gurzar auduga a Funtua da Malumfashi, sai kwararar ta ƙaru. A takardun haraji ana ganin wannan da ido: ƙauyen da bai kai a ba shi layinsa ba a rahoton farko, sai ga shi da mai unguwarsa a na gaba. Auduga da haraji ma tare suke tafiya, domin da kaka ake karɓar kuɗin, daidai lokacin da ake buɗe kasuwannin auduga, kuma manomi da yawa don ya sami sulallan biyan haraji ya fara shuka ta da yawa.

Inda gwaninta take fitowa sosai shi ne in aka yi sa'a jerin sunaye ya tsira. Jerin shekara guda ba ya faɗin komai sai cewa wane yana raye a wuri kaza. Sai an jera na shekaru da dama gefe da gefe, kamar yadda makiyayi ke bin saniyar da ta ɓace, sawu ɗaya ba ya nuna masa inda ta dosa sai ya ga na biyu da na uku. Mai karatun kuma dole ya san yadda gandu yake. A al'adar manoman Hausa, 'ya'ya maza suna noma gonar uba tare, su ci daga rumbu ɗaya, uban kuma ya ɗauki nauyin aurensu na fari da harajinsu. Polly Hill ta yi bayanin wannan dalla-dalla a littafinta na 1972 a kan Batagarawa, Paul Clough kuma ya bi irin wannan zama a Marmara ta ƙasar Malumfashi a ƙarshen shekarun 1970. To in sabon suna ya ɓullo kusa da na wani dattijo, mai yiwuwa ɗansa ne ya isa biya, ana iya komawa baya da shekara 15 zuwa 18 a kimanta haihuwarsa. In sunan ya tashi daga nan ya koma kansa, an fita gandu ke nan, ko an raba gado. In sunan dattijon ya ɓace, sunayen da ke ƙarƙashinsa kuma suka rabu gida biyu ko uku a shekara guda, da wuya in ba rasuwa aka yi ba. Amma gwani ba ya saurin yanke hukunci, domin ana ɗauke wa tsoho tukuf da makaho da kuturu haraji, sunan mutum yana iya fita daga jeri alhali yana nan da ransa shekara goma bayan haka. Don haka sai ya nemi littafin alƙali, inda ake rubuta rabon gado da ushirar da kotu ta cire, ya gwada da abin da jerin ya nuna.

Sai kuma wahalar suna. Ba mu da sunan zuri'a da ake gada daga kaka zuwa jika, kuma mutum ɗaya yana iya amsa suna uku. Abubakar na ranar suna shi ne Garba a unguwa, shi ne Habu a bakin wani malamin. Abdullahi ya zama Audu, Usman ya zama Shehu, Ibrahim ya zama Iro. Wanda uwarsa ke yi wa alkunya duk gari sun san shi da Ɗanladi ko Tanko ko Bawa, jikokinsa kuma ba su taɓa jin sunansa na yanka ba. A unguwa guda ana iya samun Audu biyar. Bamaguje in ya musulunta, Nomau ko Jatau ya koma Musa, sai ka ɗauka mutum ɗaya ya ɓace wani ya zo. Abin da ke warware wannan shi ne maƙwabta. Malamin haraji gida-gida yake bi, sabon malami kuma daga tsohon jeri yake kwafa, saboda haka tsarin sunaye ba ya cika sauyawa. In sunan da ke sama da wanda ke ƙasa suna nan yadda suke bara, na tsakiya ne kawai ya sauya, to ko dai mutumin ne ya sauya suna, ko magajinsa ne ya hau gidan. Wannan dabara ta karanta mutum ta hanyar maƙwabtansa ita ce ta fi burge ni a duk aikin, domin ta dace da yadda muke zaune: ba a sanin mutum shi kaɗai.

Duk da haka, mai wannan aiki ba ya gaskata takarda don kawai tsohuwa ce. Ya san an yi mata ƙarya ta kowane ɓangare. Uba yakan ɓoye saurayin ɗansa ranar ƙidaya, ya tura shi dangin uwa har malamai su wuce. Dagaci yakan rage yawan mutanensa don a sassauta wa garin, wani kuma ya karɓa a hannun mutum bai rubuta shi ba. Bafulatani yakan kora rabin garkensa cikin daji ko ya tsallaka wata gunduma in lokacin jangali ya matso. Ƙidayar jama'a ta 1931 ma a Arewa yawancinta daga waɗannan takardu aka tattara ta, ta gaji duk giɓinsu. Marigayi Dokta Yusufu Bala Usman, ɗan Musawa, wanda littafinsa a kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883 ya fito a 1981, ya koyar da ɗalibansa su tambayi kowace takarda wa ya rubuta ta, wa aka rubuta wa, kuma me marubucin yake so a gani. Wanda ya sha wannan karatu, in ya ga mazan wani ƙauye sun ragu sosai tsakanin shekara biyu, sai ya duba ko shekarar yunwar Kakalaba ce ta 1913 zuwa 1914, ko annobar mura ta 1918, ko kuwa an tsananta haraji ne mutane suka yi ƙaura zuwa gundumar da ke kusa. Michael Watts ya yi amfani da irin waɗannan rahotanni a littafinsa na 1983 ya nuna yadda karɓar haraji a shekarar fari take ƙara wa manomi yunwa a kan yunwa.

Daga nan sai a bar ofis a tafi zaure. Takardar haraji ba ta kammala magana sai an kai ta gaban dattijo, kuma yadda ake tambayarsa ma fasaha ce. Ba a ce masa wace shekara aka haife shi, don ba haka yake lissafi ba. Bayan gaisuwa ta yi nisa, sai a ce, "Baba, Allah ya ja kwana, harajin da ka fara biya da hannunka nawa ne?" In ya ce sule kaza, an san tun kafin 1973 ne, shekarar da naira ta maye gurbin fam da sule. Sai a bi da, "Lokacin wa ke sarauta a Katsina, Dikko ko Nagogo?" In ya ce Nagogo, an san bayan 1944 ne. "Wa ke dagaci? Kana cikin gandu ko ka fita?" Kafin a sha furar da aka kawo, an tsare shekarar cikin ɗan taƙi. Sannan a karanta masa jerin sunayen a hankali, ɗaya bayan ɗaya. Waɗanda suka yi wannan sun san abin da ke biyo baya: tsoho yana jin sunayen mutanen da suka rasu tun yana saurayi, sai ya fara gyara wa mai karatu. "A'a, ɗana, wannan ba ɗansa ba ne, agola ne, da uwarsa aka zo da shi." Abin da babu malamin harajin da zai rubuta ke nan.

Ba mu kaɗai ke bin wannan hanya ba. A Amurka, takardun ƙidayar 1790 na jihar Bajiniya sun ɓace, gobara kuma ta lalata yawancin na 1890 a shekarar 1921, saboda haka masu neman asali a can jerin masu biyan haraji na shekara-shekara suke bi, da irin wannan lissafi na ɓullowar suna da ɓacewarsa. Baƙaƙen fatar ƙasar sukan sami sunan kakansu a jerin wanda ya mallake shi. A Ailan, bayan gobarar 1922 ta cinye ma'ajiyar takardunsu a Dublin, kimar filaye da gidaje da aka yi tsakanin 1847 da 1864 don yanka haraji ita ta zama madogara. Bambancinmu da su shi ne nasu an ɗauke su hoto an zuba a intanet, yawancin namu kuwa har yanzu sai an je an buɗe fayil da hannu.

Akwai inda takardun suka yi shiru, kuma shirun yana da ciwo. Mata suna cikin lissafi a matsayin adadi, amma ba a rubuta sunayensu. Kakar da ta yi kaɗi da saƙa da sayar da ƙuli-ƙuli har ta taimaka aka biya harajin gidan, ba za ka same ta ba sai a bakin jikokinta, shi ya sa gwani ba ya barin gida bai roƙi a kai shi wurin tsohuwa ba. "Iya, wa ya haifi mahaifiyarki, daga wane gari aka auro ta?" Rabin salsala a can yake.

Akwai kuma inda takardun suka faɗi abin da ba kowa ke son ji ba. Dokar Turawa ta 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga watan Afrilu na shekarar ɗa ne, amma ba a haramta bauta gaba ɗaya a Arewa ba sai 1936. Rahotannin farko sukan ambaci ƙauyukan da asalinsu rumada ne na wani basarake. Mai bincike yana iya cin karo da wannan game da gidan da yau ake girmamawa, ko game da gidan da ake shirin haɗa aure da shi. Mutanen kirki a wannan sana'a suna faɗa wa mai gidan da ya sa su aikin, shi kaɗai, cikin ladabi, ba sa kai maganar dandali. Haka nan ba sa yarda a mayar da su makami a rikicin gona ko na sarautar unguwa, domin rasiɗin haraji shaida ce cewa mutum ya biya a wani gari a wata shekara, ba shaidar mallakar fili ba ce.

Yanzu abin da ya fi gaggawa shi ne rasiɗan da ke cikin gidaje. A da rasiɗin haraji shi ne katin shaidar talaka: ɗan cin rani ba ya kama hanyar Kaduna ko Jos ba tare da shi ba, don ɗan doka yana iya tare shi ya ce ya nuna. Saboda haka mutane suka adana shi da kyau, wasu suka tara na shekaru masu yawa a ɗaure wuri guda. A 'yan shekarun nan hare-haren 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka a ƙasashen Faskari da Sabuwa da Ɗandume da Ƙanƙara, wanda ke gudun ransa kuwa ba ya tsayawa ɗaukar adaka. Masu sanin darajar abin, in suka sami irin wannan ƙunshi, ba sa warware shi da gaggawa. Sukan ɗauki hoton kowane rasiɗi da waya, gaba da baya, bisa tsarin da suka same su. Ba sa rubutu a jikinsa, ba sa kai shi a liƙe shi da roba mai zafi, don zafin yana cinye tawada. A wata takarda daban suke rubuta gidan da aka samo shi, da wanda ya ajiye shi, da abin da tsofaffin gidan suka ce game da mai sunan, sannan su tura hotunan ga 'yan'uwa biyu ko uku da ke zaune a garuruwa daban-daban.